Ƙosai Huɗu da Gyara

Damina ce, irin tamu ta Jos, wadda ruwa kan wuni yana zuba siri-siri har wanki ya yi tsami a kan igiya. Dankalin Turawa ya yi araha, itace kuwa ya yi tsada, ga shi jiƙaƙƙe. A shekarar ne aka fito da naira ashirin ta leda da sababbin kwabbai, waɗanda kowa kan karɓa ya jujjuya, ya yaba kyansu, sannan ya mayar wa mai su. Gari ya lafa bayan tashin hankalin shekarun baya, amma mutane ba su gama sakin jiki ba. Ana gaisawa, ana dariya, sai dai kowa ya san gefen titin da yake sayen gishirinsa.

Muna zaune a Bukuru, a gidan da mahaifin maigidana ya gina tun zamanin haƙar kuza. Maigidan direban bas ne, ni kuma ina suyar ƙosai a ƙofar gida, sana'ar da na gada wurin uwar mijina tare da kaskonta. Da safe ina bakin murhu, 'yata ta fari tana bakin faranti da tsinke, tana sallamar masu saye kafin ta tafi makaranta. A lokacin tana aji huɗu na firamare.

Ni ma ɗaliba ce. Bayan la'asar nakan je makarantar yaƙi da jahilci, kuma a cikin ajin su yarinyar ake koya mana, bayan yara sun tashi. Mukan zauna a kan 'yan bencinsu, gwiwoyinmu na dukan teburi. Abin da na fi so shi ne in riga kowa zuwa, don in tarar da allo ba a goge ba. Sai in tsaya ina haɗa baƙaƙe, ina leƙen abin da aka koya wa 'yata da safe. Wani lokaci hoton kifi ne da kibiyoyi, wani lokaci ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba.

Wata rana na tarar an raba allon gida biyu da alli. A sama an rubuta kalmomin Turanci, a ƙarƙashinsu an sa Hausarsu. Na karanta a hankali: riba a dama, asara a hagu. Can gefe kuma ga jari, ga ajiya, ga canji, ga kuɗin saye da kuɗin sayarwa. Na yi mamaki ƙwarai. Ashe abin da nake yi kullum a bakin kasko har yana da gurbi a allo? Na ji kamar na ga wata 'yar unguwarmu a talabijin.

A gida yarinyar ta shiga rera su kamar waƙa. Tana wanke-wanke tana cewa, "Furofit, riba. Los, asara. Kafital, jari." Ta tambaye ni nawa nake sayen mudun wake, nawa ne niƙa, nawa ne mai. Na faɗa mata abin da na iya tunawa. Ta shiga lissafi tana motsa baki. Can ta ɗago.

"Inna, gyara asara ce."

"Wa ya ce?"

"Anti ta ce duk abin da ya fita daga faranti kuɗinsa bai shigo ba, los ne."

Anti ita ce malamarsu, haka yaran ke kiranta. Na yi dariya na ce uwar mijina ta yi ta ba da gyara har ta tsufa, ba mu ga ta tsiyace ba. Yarinyar ta ce ai da ba ta bayar ba da ta fi haka kuɗi. Tun ina ƙarama na ga ana ɗora ɗaya a kan abin da aka saya, ban taɓa tambayar daga aljihun wa yake fita ba. Da ta roƙe ni in bar ta ta gwada sayarwa babu gyara mu ga abin da zai faru, sai na ce to. Gaskiya ni ma ina son in gani.

Masu sayenmu na safe yawanci 'yan acaɓa ne da telolin bakin kasuwa da yaran da aka aiko. 'Yan acaɓan suka mai da abin wasa.

"Hajiya ƙarama, ina gyarana?"

"Babu. Asara ce."

"In ji wa?"

"In ji Anti."

"To ki ce wa Anti ta zo in ɗauke ta a babur, in sauke ta nesa da gida in ce sauran tafiyar asara ce."

Ana ta dariya, suna mita suna saye. Kuma da muka duba gwangwanin ciniki bayan 'yan kwanaki, lallai kuɗin sun ɗan ɗaga. Ba da yawa ba, amma sun ɗaga. Yarinyar ta riƙa tafiya tana ɗaga kai kamar ma'aikaciyar banki.

Akwai wata tsohuwa da ke tsallako titi daga unguwar da ke bayan coci, kullum da safe, da jar hular sanyi a kan ɗankwalinta da ɗan kwanon samira mai marfi. Tun zamanin uwar mijina take sayen ƙosai a ƙofar nan. Mijinta da surukina tare suka yi aikin kuza. Bayan rikici mutanen wancan gefen da yawa sun daina zuwa, kamar yadda namu suka daina zuwa can, amma ita ba ta fasa ba. Ina ce mata Mama, yara suna ce mata Kaka. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da mace ko namiji, 'yata ma "abokina" take ce mata. Kullum na naira ashirin take saye, guda huɗu, a ɗora mata ɗaya.

Ranar farko ta gwajin ina juya ƙosai na hango ta ta miƙa kwano. Yarinyar ta tsira huɗu ta zuba mata. Tsohuwa ta ci gaba da riƙe kwanon a buɗe, tana kallon titi, tana jira.

"Shi ke nan, Kaka," in ji yarinyar.

Ta leƙa cikin kwanon, ta dubi yarinyar. "Abokina, yau hannunka ya gaji ne?"

"An daina gyara, Kaka. Asara ce."

"To," in ji ta. Ta rufe kwano, ta ce mini sannu da wuta, ta tafi. Mai na ƙoƙarin ƙona mini zubi, ban ko ɗago sosai ba. Ta sake zuwa sau ɗaya ko biyu, daga nan ban ƙara ganin jar hular ba.

Da farko na ce ko sanyi ne ya kwantar da ita. Da kwanaki suka ja, na gaya wa maigida. Ya ce, "Wataƙila 'ya'yanta ne suka hana ta tsallakowa. Kin san yadda gari yake." Wannan magana ta tsaya mini a rai. A duk masu sayen ƙosaina ita kaɗai ta rage daga wancan gefen. In ta daina zuwa, to titin nan ya zama katanga ke nan. Na kuma kasa yarda cewa ƙosai guda ɗaya zai hana mutum hanyar da ya fi shekara ashirin yana bi. Na ce wa yarinyar ta mayar da gyara, ta mayar tana zumɓura baki, amma tsohuwa ba ta nan balle ta gani. Zuwa gidanta kuma ban san shi ba, ban kuma san da wace fuska zan je ba, tunda ban san abin da ya hana ta ba.

Ana haka wata rana na je aji da wuri, sai na tarar da Anti ba ta tafi ba, ruwa ya tsare ta. Yarinya ce siririya 'yar Anguwan Rukuba, da lema a jingine da teburinta, tana duba littattafan yara. Na gaishe ta na ce ni ce uwar wance. Ta miƙe da fara'a ta ce, "A'a, Mama, ke ce mai ƙosai? 'Yarki ta hana mu sakat da lissafin wake." Na nuna allo na ce ina da tambaya, in ba za ta ga wautata ba. Gyara, a wane gida yake, dama ko hagu?

Ta kalli allon, ta ciji bayan biro. Ta ce a lissafi dai asara ce. Sai kuma ta ce, "Amma ni ma in na sayi tumatir ba a gyara mini ba, raina ɓaci yake yi." Muka yi dariya tare. Ta ce a littafinsu akwai ragi, wato a rage maka kuɗi, amma ba ta ga inda aka yi maganar a ƙara maka kaya ba. Ta ce ranar Juma'a za su yi wasan kasuwa a aji, in zan iya zuwa da farantina in zama mai sayarwa, sai mu tambayi yaran mu ji. Na ce ni da ban gama haɗa baƙi ba me zan koya wa 'yan boko? Ta ce ba koyarwa zan yi ba, ciniki zan yi.

Ranar na tashi suya da wuri, na wanke faranti na tafi. Yaran sun mulmula laka ƙanana-ƙanana sun shanya a taga, su ne ƙosai. Kuɗi kuwa sababbin kwabban nan ne, Anti ta tara su cikin gwangwanin madara, tunda ko mai rake ba ya karɓarsu. A ajin nan kaɗai na ga suna da daraja. Aka sa mini benci a gaban allo, 'yata tana layin gaba, ta sunkuyar da kai don kunya.

Anti ta fara da tambaya. Ta ɗaga gwangwanin ta ce in da wannan aka sayi wake da mai, mene ne sunansa? Aji ya amsa, "Jari!" In mai saye ya ba da goma ya sayi na biyar, me za a mayar masa? "Canji!" In aka ɓoye wani abu a asusu saboda gobe? "Ajiya!" Muryoyinsu har rufin kwano na amsawa. Sannan ta kira wani yaro ta ba shi kwabbai ya zo ya saya.

Ya tsaya gabana ya gyara wuyan riga ya ce, "Mai ƙosai, na nawa-nawa ne?" Aji ya fashe da dariya. Na zuba masa uku a takarda. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauki na huɗu ya ɗora ba.

"Inna!" in ji 'yata daga bencinta.

Anti ta tafa hannu. Ta ɗauki alli ta rubuta gyara a kan layin da ya raba allon, rabi a dama rabi a hagu. Ta ce, "To, 'yan aji huɗu, ina za mu kai shi?"

Ban taɓa sanin yara na da magana haka ba. Wani ɗan mai kanti ya ce babansa ba ya gyara, don ba a gyaran gwangwanin madara. Wata 'yar Fulani ta ce innarta in ta auna nono sai ta ƙara rabin ludayi, in ba ta ƙara ba gobe a wuce ta. Wani ya ce riba ce, amma ta mai saye. Wata ta ce to ai abu ɗaya ba zai zama riba kuma ya zama asara ba. Aka ce zai zama. Aka ce ba zai zama ba. Anti ta juyo ta tambaye ni ko ni ana yi mini gyara. Na ce sosai ma, in na sayi wake a kasuwa, bayan an cika mudu sai an ɗebo da hannu an watsa a buhu. Sai a lokacin na lura ashe gyaran da nake bayarwa da safe, wani ne ya fara ba ni shi a kasuwa, shi ma wataƙila manomi ne ya ba shi. Na ga 'yata ta ɗago tana kallona, alamar wannan bai shiga lissafinta ba.

Sai Anti ta sauya tambaya. Ta ce, "A gidanku, in an sayo abu, wa ke cin gyaran?"

"Wanda aka aika!" in ji wani daga baya. "A hanya!"

Dariya ta kaure, har da masu buga teburi, kowa na nuna ɗan'uwansa. Da aka lafa, wata 'yar ƙaramar yarinya a gefen taga, da rigar sanyi da ta yi mata yawa, ta ɗaga hannu.

"A gidanmu na Kaka ne."

Anti ta ce ta yi bayani. Ta ce su huɗu ne a wurin kakarsu, iyayensu suna aiki a wani gari. Kullum Kaka takan sayo ƙosai huɗu, kowa ɗaya, ita kuma ta sha koko da gyaran. "Amma yanzu mai ƙosan ta daina gyara. Da Kaka ta sha kokonta haka nan, sai yayanmu ya ce shi ma ba zai ci nasa ba. Shi ne ta koma sayen burodi, don shi ana iya yanka shi biyar." Ta ɗan ɓata fuska ta ƙara da cewa, "Ni ƙosai na fi so."

Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Ba ta san ni ba, don ba a barin su tsallaka titi. Na dubi 'yata. Ta kafe idonta a kan ƙosan laka da ke farantina.

Da aka tashi tara na matsa kusa da yarinyar nan na tambaye ta a hankali, ko kakarta tana sa jar hular sanyi a kan ɗankwali. Ta ce e, ko da rana. Na tambayi gidansu, ta ce bayan coci, inda akwai bishiyar piya da ta karkato kan katanga.

Ashe ba tsoro ba ne, ba kuma wanda ya hana ta. Karin kumallonta ne muka cire daga faranti ba mu sani ba. Duk shekarun nan ina ɗora ɗayan nan kamar yadda ake cewa a sauka lafiya, ban taɓa tunanin inda yake zuwa ba.

Anti ba ta yanke wa yaran hukunci ba. Ta ce a bar kalmar a kan layi, kowa ya je ya tambayo a gida. Da la'asar da na dawo ajinmu na manya, na tarar da ita tana nan a tsakiyar allo, har malaminmu ya tambayi wa ya rubuta abu a karkace kafin ya goge.

A gida yarinyar ba ta rera komai ba. Muna surfa wake ta ce, "Inna, me ya sa ba ta faɗa ba?"

Na ce, "Ta ce me? A ba ta abin da ba ta biya ba?"

Ta ci gaba da surfe. Can ta ce, "Amma fa kuɗin sun ƙaru."

Na ce sun ƙaru, ba ƙarya ta yi ba.

Washegari Asabar, babu makaranta. Na kwashe zubin farko, na zaɓi masu kyau na zuba a kwano na rufe, na roƙi maƙwabciyata ta tsaya mini a bakin kasko. Na ce wa yarinyar ta ɗauko tsinke ta biyo ni. Muka tsallaka titi ana yayyafi. Rabona da wannan gefen tun kafin rikici, har na ga an yi sababbin shaguna. Muka sami bishiyar piya, muka yi sallama.

Tsohuwa ta fito da jar hularta, tana ɗaure zani. Ta dube ni, ta dubi yarinyar.

"A'a! Mai ƙosai da akawunsa. Lafiya?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce mun kwana biyu ba mu gan ta ba, shi ne muka kawo wa yara ɗan abin karyawa. Na miƙa kwanon. Ta buɗe ta shaƙi ƙamshin, sai ta rufe ta mayar mini.

"'Yata, ni ba na karɓan sadaka. Ina da kuɗina."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon samirarta, ta kwance bakin zani ta ciro naira ashirin ta leda, ta miƙa wa yarinyar. "Abokina, ba ni na ashirin."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Ta tsira ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tsohuwa ta riƙe kwanon a buɗe, ta mai da ido kan bishiyar piya kamar ba ruwanta. Jikokin sun leƙo ta bayan labule, har da mai rigar sanyi, ta buɗe baki tana nuna ni. 'Yata ta duba cikin kwanonmu, ta zaɓi wanda ya fi girma, ta ɗora.

"Wannan fa?" in ji tsohuwa. "Ba asara ba ne?"

"Anti ta ce ba a gama sani ba tukuna, Kaka."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce in an gama sani a aiko mata. Ta ce gobe tana coci, amma jibi a ajiye mata na zubin farko, kada a ba ta wanda ya sha mai.

Sauran ƙosan da ke kwanonmu wasu maƙwabtanta biyu suka saye, tunda ga shi ya zo har gida, kowace kuma ta tsaya sai da aka gyara mata. Muka tsallako titi da kwano wayam. Na karɓi matsami daga hannun maƙwabciyata, na tura itace, na zuba sabon zubi.